Maki Biyar Da Na Danne Miki

Madarunfa, ranar Juma'a bayan La'asar

Zuwa gare ki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin buɗe wannan takarda kina zaune gefen taga kamar yadda kike so, motarku ta baro Maraɗi ta miƙi hanyar Yamai. Allah ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, ya ba direba natsuwa, ya sauke ku lafiya. Da hannuna na cusa ambulan ɗin ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙuli, don na san can hannunki zai fara zuwa kafin ya je ko'ina.

Kin ga ban sa suna a sama ba. Shekara goma sha tara ke nan da haihuwarki, kuma ba ki taɓa jin sunanki a bakina ba. Ke ce ɗiyata ta fari, a wurinmu kuma uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta ma kallonsa sosai in da mutane. "Ke" nake ce miki, ko "ta Inna". Ke kuma Yaya kike ce mini a gida, Madam a aji. Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Laifuffukana zan jera miki, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe ko da ranki ya ɓaci.

Shekaranjiya da hantsi ina tsince shinkafa a bakin madafa, kina ɗaure kaya, ƙanena Kawunki Isufu ya zo daga Ɗan Issa ya yi miki sallama. Na ji duk abin da kuka faɗa.

Ya ce, "To ɗiyar ga, mi za ki karanta can jami'a?"

Kika ce, "Shari'a, Kawu."

Ya ce, "Madalla. Da na ji ana hwaɗin lissahi. Lissahi ai ba na kowa ba ne."

Kika ce, "Ni ba ni da kan lissahi, Kawu. Ko Yaya ta sani, ita ke gyara takarduna. Ban taɓa wuce sha huɗu bisa ashirin ba wurinta."

"To sha takwas ɗin da kika samu a bak hwa?"

"Sa'a ce kawai."

Na ci gaba da tsince shinkafa kamar ban ji ba, abin da na fi ƙwarewa a kai ke nan. Amma da kika fita raka shi na shiga ɗaki na duba takardar zaɓen fannin da za ki miƙa ranar Litinin. Kin rubuta shari'a, da fensir. Fensir yana goguwa, shi ya sa nake rubuto miki kafin Litinin ta yi.

Bari in fara da nawa bak ɗin, jarrabawar gama sakandare, don can ɓarnar ta samo asali. A jarrabawar lissafi an ba mu wannan: ln(x − 1) + ln(x + 2) = ln 4. Ke yanzu da ido ɗaya za ki warware shi. Na haɗa logaritim biyun suka zama ɗaya, na sami (x − 1)(x + 2) = 4, na warware, amsa biyu suka fito: 2 da −3. Na san sarai logaritim ba ya karɓar lambar da ke ƙasa da sifiri, kuma in ka sa −3 a gurbin x, baka na farko zai ba ka −4. Na soke −3, na bar 2 ita kaɗai. Daidai ke nan, na gama. Sai idona ya faɗa kan takardar wanda ke gabana, ɗalibin da duk ajinmu ake cewa ba ya kuskure. Amsa biyu ya rubuta, ya zagaye su da kyau. Na ce wace ce ni, 'yar ƙauyen Safo, da zan jefar da abin da shi ya riƙe? Na mayar da −3. Daga nan sauran tambayoyin duk na bi su ina shakkar kaina, ina sokewa ina sakewa har aka karɓe takardu.

Sai a zagaye na biyu na ci bak. Ba wanda ya hana ni zuwa jami'a a lokacin, ni na hana kaina. Na yanke wa kaina hukunci cewa babban lissafi ya fi ƙarfina, na bi gajeriyar hanyar malanta, sai bayan shekaru da ƙarancin malamai da karatun da na riƙa yi ina goyo na kai ga koyar da ajin ƙarshe na lise, wato babbar sakandare. Ba na raina aikina. Amma ba zaɓarsa na yi ba, gudu na yi na faɗo cikinsa.

Don haka ki ji na farko. In kin sami amsa, kada ki kai ta wurin fuskar kowa ki tambaya ko daidai ce. Ki mayar da ita cikin tambayar da ta haife ta. In ta zauna, ta zauna, ko da duk ɗakin sun rubuta wani abu dabam. In ba ta zauna ba ki jefar da ita, ko da wa ya riƙe ta. A Yamai za ki tarar da 'ya'yan manya masu Faransanci kamar ruwa, za su yi magana da ƙarfi, kuma wasunsu −3 ce a hannunsu.

Na biyu, Safo. Da aka yaye ki na bar ki wurin mahaifiyata Inna, kamar yadda ake yi, na dawo Madarunfa. Ban ga laifin Inna ba, ta riƙe ki riƙon da ni ban iya ba. Laifina shi ne abin da na yi wata rana kina shekara tara. Na je hutu, Inna ta buɗe buhun wake ta tarar ƙwari sun cinye shi, tana ta salati tana cewa sati uku da suka wuce 'yan kaɗan ta gani. Kina tsugune kina wasa da ƙwarin da tsinke, kika ɗago kika ce, "Inna, ba ƙaruwa suke ba, ninkuwa suke. Biyu su zama huɗu, huɗu su zama takwas. Da hwari ba a gani, sai sun yi yawa gaba ɗaya."

Ni da nake shan wahala in cusa wannan a kan masu shekara sha takwas, ga yarinya ta tsince shi a buhun wake. Zuciyata ta cika da alfahari. Kin san abin da na ce? Na ce, "Ke, tashi ki ba mutane wuri." Matan gidan suka yaba, suka ce Madam akwai kunya, boko bai ɓata ta ba. Na ji daɗin yabon, kuma wannan jin daɗin ne ban yafe wa kaina ba.

Abin da kika gani ranar shi ne duk abin da ke cikin darasin da ake tsoratar da ɗalibai da shi. Ninkawa tana tafiya gaba, logaritim kuma yana komawa baya ya tambaya sau nawa aka ninka kafin a zo nan. Ni ma na zauna na yi wa kaina wannan tambayar, sau nawa na yi shiru kafin ɗiyata ta tsaya gaban kawunta ta ce ba ta da kai. Na kasa ƙirgawa. Shawarata a nan gajera ce: in wani ya yi abin kirki a gabanki, ki faɗa masa da baki, a ranar, yana ji. Kada ki ajiye a ciki ki ce ai ya sani, don bai sani ba.

Na uku kin san rabinsa. Da kika dawo Madarunfa don lise, na yi ta addu'ar kada ki faɗo ajina, sai ga shi bara ni kaɗai ce mai koyar da ajin ƙarshe na kimiyya. Shekara guda kina layi na uku kusa da bango, ina kiran kowa da sunansa, in na zo kanki wajen kiran suna sai in duba in ga kina nan in wuce. Hannunki kuwa ban taɓa ganinsa ba, ko in ce na koya wa idona kada ya gan shi.

Wata ranar Talata cikin shekarar na rubuta a allo: 2ˣ⁺¹ + 2ˣ = 24. Kaina yana ciwo, amma wannan ba uzuri ba ne. Na ɗora ln a kan kowane gutsure shi kaɗai, kamar logaritim yana rabuwa a kan tarawa, alhali a kan ninkawa kaɗai yake rabuwa. Kuskuren da nake zane wa ɗalibai da jan bik, wato biro, kowace shekara, shi na yi da allina. Na fito da wata amsa mai waƙafi, 1,79, na ja mata layi. Aji duka suka duƙa suna kwafa. Hannu ɗaya ne ya tashi, naki. Ya daɗe a sama. Na juya na kalli taga, na yi kamar ina duban masu jakuna da ke wucewa zuwa tafki, har na ji a jikina kin sauke shi.

Rabin da ba ki sani ba shi ne wannan. Ranar Laraba na karɓi littattafanku don dubawa. A naki kin kwafe aikina tsaf, layi bayan layi, cikin ladabi. A gefen shafi kuma, da ƙananan haruffa, kin rubuta naki: kin fitar da 2ˣ waje, ya rage 2 + 1 a baka, kin raba 24 da uku kin sami takwas, kin ce x = 3. Har kin gwada a ƙasa, 16 + 8 = 24. Amsata kuwa in an mayar da ita ko sha ɗaya ba ta kaiwa. Sannan kin ɗauki bik kin soke naki da layi biyu.

Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Na san su, irinsu na ja a ɗakin jarrabawa shekara ashirin da wani abu da suka wuce. Bambancin kawai, ni takardar wani na leƙa, ke kuma uwarki ce ta tsaya a gabanki da alli. Ranar Alhamis na shiga aji na ce na sake duba aikin na ga gyara, na rubuta hanyarki a allo kamar ni na gano ta. Ban ce ta wace ce ba. Kin kwafe ta a matsayin gyaran Madam.

Ki ji ni da kyau. Malami yana kuskure, littafi yana kuskure, wanda ya fi ni digiri goma a Yamai zai yi kuskure a allo wata rana. Ki ɗaga hannu. In ya kalli taga, ki bar hannun a sama. In ya gama kallon taga bai kira ki ba, ki ce, "Gafara Malam, a gwada uku." Za a ce ba ki da kunya, za a ce bakinki ya yi yawa, wata ma za ta ce ai ɗiyar malama ce shi ya sa. Su faɗa. Ni na yi kunyar, na yi ta har ta ishi kowa, ga abin da ta saya mana.

Na huɗu shi ne wanda ya sa hannuna ke nauyi, don shi ba kuskure ba ne, da gangan na yi. A farkon shekara, a ɗakin malamai, Mushe Sanusi, wato Malam Sanusi mai koyar da tarihi, ya ce yana dariya, "Madam, bana ɗiyarki na ajinki. Sai mu ga ashirin bisa ashirin na zuba." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Wasa yake, ba ya da mugun nufi, amma maganar ta shige ni ta zauna.

Da na gyara jarrabawarku ta farko, takardarki ta tashi sha tara. Na ƙirga sau biyu. Sai na ga fuskokin ɗakin malamai, na ga matan unguwa suna cewa ta fifita ɗiyarta, ɗiyar fari ma. Na koma na bi takardar ina neman laifi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba ki zagaye amsa da abin ja layi ba, na cire ɗaya. Kin tsallake wani mataki da kowa ya san shi, na cire biyu, alhali wanda ya kwafe matakin bai fahimce shi ba na ba shi cikakke. Rubutunki ƙanana ne, na cire ɗaya. Na biyar ɗin ko dalili ban nema masa ba. Na rubuta sha huɗu, na ƙara da "a ƙara ƙoƙari". Ta biyu sha takwas ce na mayar sha uku. Ta uku sha tara ce na mayar sha huɗu. Biyar-biyar na riƙa danne miki, ina ce wa kaina adalci nake yi.

A bak kuwa an rufe sunanki, aka ba wani malami da bai san ɗiyar wa ce ba, bai san Safo ba, ba ya jin kunyar kowa. Ya ba ki sha takwas. Shi ne ya faɗa miki gaskiya, ke kuma kika kira ta sa'a, don kin fi yarda da uwarki. Ba sa'a ba ce. Ni ce na yi miki ƙarya sau uku da jan bik.

Takardun nan uku suna cikin ambulan ɗin. Na tsamo su daga kwalin da kika ware a ba mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Na soke makin ƙarya, na rubuta na gaskiya a gefe, na sa hannu da kwanan wata. Kada ki yarda da ni ma a wannan, tunda kin ga abin da yarda da ni ya jawo. Ki bi su tambaya bayan tambaya, ki ƙirga da kanki, hanyar Yamai doguwa ce.

Kuma kada ki zaci a ɓoye na tsaya. Jiya da safe malamai sun yi taron shirin komawa makaranta, na miƙe na faɗi abin da na yi, Mushe Sanusi yana zaune. Shugaban makaranta ya ce, "Madam, abin da ya wuce ya wuce, ai yarinya ta ci bak ɗinta." Na ce bai wuce ba, yana cikin jakarta da fensir. Na ce a rubuta a takarduna cewa na zalunci ɗaliba, in kuma za a ɗauke ni a kai wani ƙauye saboda haka, a kai ni, can ma akwai allo. Ya ce zai duba. Mushe Sanusi ya biyo ni waje yana ba ni haƙuri, na ce masa shi dariya kawai ya yi, ni ce na riƙe bik.

Daga nan na hau kabu-kabu na tafi Safo. Na tarar da Inna tana tankaɗe, na gaishe ta, na gaya mata abin da na yi niyyar yi gobe a tasha.

Ta ajiye rariya ta ce, "Ke ba ki da ta ido? Ɗiyar hwari, gaban mutane? Mu haka munka taras, haka munka yi, ba wanda ya mutu."

Na ce, "Ba wanda ya mutu, Inna. Amma ni ma ɗiyar hwari ce taki, shekarata arba'in da biyu, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Har yau ina so in ji."

Ta ɗauki rariya ta ci gaba da tankaɗe, ta juya mini gefe. Da zan tafi ta miƙo ƙullin ƙuli-ƙulin nan ta ce a ba yarinya. Ban ji haushinta ba, kuma kada ki ji. Ita ta ɗauki abin da aka ɗora mata ta kai shi inda ta iya. Ni ce na ce a kaina zai tsaya, kuma duk wanda zai yi magana a Safo ko a Madarunfa ya yi, kunnuwana biyu suna nan.

Yanzu maganar Litinin. Ban goge abin da kika rubuta ba, ko da yake fensir da abin gogewa suna gabana, kuma Allah ya sani hannuna ya yi ƙaiƙayi. Na yanke miki hukunci a ɓoye sau uku, ba zan ƙara na huɗu ba. In shari'a kike so don ita kanta, ki je ki karanta ta, zan yi alfahari da ke a fili. Amma in kin rubuta ta ne don wata malama ta ce ke 'yar sha huɗu ce, to malamar ta janye maganarta. Cikin duk ɗaliban da suka zauna a gabana tun da na fara riƙe alli, ban ga mai kanki ba. Kin fi ni, tun kina shekara tara kin fi ni, kuma daɗin da nake ji in na faɗi haka ya fi ƙarfin bakina. Ki yi wa takardar abin da kike yi wa kowace amsa: ki mayar da ita cikin tambayar, ki ga ko ta zauna. Sannan ki rubuta da bik.

Sauran kuma kin san su. Ki riƙe salla, ki ci abinci ko karatu ya yi zafi, ki nemi abokiyar karatu wadda ba ta jin tsoron ce miki kin yi kuskure. Babanki ya ce in gaya miki duk abin da kika zaɓa yana bayanki, ko da yake shi har yau ln ɗin nan gani yake sunan magani ne.

Gobe da safe, in an gama ɗaure kaya a saman mota, Kawu Isufu da maƙwabta da 'yan ajinku suna tsaye, na yi niyyar in kira ki da sunanki da ƙarfi, in ce ki tafi lafiya ɗiyata. Kwana biyu ina gwadawa a madafa in ba kowa. Yana fita, amma da ƙyar, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin san ko na iya. In na iya, to kin ji dalili. In kuma muryata ta ƙi, na tsaya ina kallon taga kamar yadda na saba, kada ki ɗauka na fasa. Ga shi nan a rubuce, da bik, ba mai goge shi.

Allah ya kai ki lafiya, Ramatu. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya buɗa miki abin da ya rufe mini. Allah ya yi miki albarka, Ramatu, ya sa ki yafe mini.

Ni ce wadda kike kira Yaya,
uwarki.